Kafin Ka Kai Katafila Gangaren Dutse

A ƙarshen daminar bara wani abokina, ma'aikacin banki da muka yi jami'a tare, ya ɗauke ni a motarsa zuwa kudancin Jihar Kano domin ya nuna mini abin da yake kira jarin ritayarsa. Muka wuce Tudun Wada, muka sauka daga kwalta, muka bi hanyar burji har gindin wani tsauni da itatuwa suka lulluɓe: marke, doka, taramniya, ga hano nan da can a tsakanin duwatsu. Hekta 40 ya saya. Shirinsa a tsare yake. Katafila za ta share dajin da rani, a sayar wa masu gawayi itacen a rage kuɗin aiki, tarakta ta yi huɗa, a zuba masara.

"Mutumina, dubi dajin nan," in ji shi. "Ƙasar da ta ɗauki waɗannan itatuwa, ai masara wasa ce a wurinta."

Wani dattijo daga ƙauyen da ke kusa ya rako mu, da diga a kafaɗarsa. Na ce, "Baba, don Allah ɗan haƙa mana nan mu gani." Sara uku ya yi, a na huɗu digar ta yi ƙara a kan dutse. Zurfin ramin bai wuce taƙi ɗaya ba, rabin abin da ya fito ma tsakuwa ce. Dattijon ya dubi abokina ya ce, "Alhaji, mu dai a nan zuma da ciyawa da itacen girki muka tarar iyayenmu suna ɗiba. Gonakinmu suna can ƙasa."

Abokina ya yi dariya, ya ce zamani ya canja, yanzu akwai taki akwai injina. Ban yi masa gardama a gaban dattijon ba. Gardamar ce zan yi yau, da shi da duk masu irin tunaninsa, kuma muna da yawa. Mu 'yan boko masu ɗan abin hannu, mu da muke sayen filaye, muke sa hannu a takardun ayyuka, muke shirya bikin dashen itatuwa, mun ɗauka kowace ƙasa gona ce da ke jiran jari. Gangaren dutse a yanki mai ƙarancin ruwa yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma wannan iyaka ba ta jin kuɗi, ba ta jin takardar mallaka. Wanda ya tsallake ta zai cinye cikin 'yan shekaru abin da aka yi dubban shekaru ana tarawa, sannan ya bar wa mutanen da ke ƙasa biyan bashin.

Abin da ke ƙarƙashin itatuwan

Kuskuren abokina na farko shi ne kallon kitse da ya yi wa rogo. Ya ga daji ya ɗauka ƙasa ce mai ƙarfi ta haife shi. A gangaren dutse lamarin yakan zama akasin haka: dajin ne ya tara 'yar ƙasar da ke wurin, shi ne kuma yake riƙe da ita.

Mafi yawan tsaunukan Arewacin Najeriya, daga na Riruwai zuwa na Zamfara da gefen tsaunin Jos, tushensu dutse ne mai tauri ƙwarai, irin wanda ake fasawa a yi kankare. Irin wannan dutse a hankali yake rududdugewa ya zama ƙasa, kuma a kan gangare abin da ya rududduge ba ya samun zama, ruwa yana ta janye shi zuwa ƙasa. Saboda haka ƙasar da ta rage siririya ce. Masana ƙasa suna da suna na musamman ga ƙasar da ake cin karo da dutse a cikinta kafin a kai zurfin santimita 25. Suna kiranta leftosol, kuma ita ce ta fi kowane rukunin ƙasa yawa a duniya, domin ta rufe sama da hekta biliyan ɗaya da rabi, galibi a tsaunuka da busassun yankuna. Ramin da dattijon nan ya haƙa mana, ita ya nuna.

Siririyar ƙasa tana da matsaloli uku, kuma taki ba ya magance ko ɗaya daga cikinsu.

Ta farko ita ce ruwa. Ƙasa tamkar randa ce da shuka ke sha daga cikinta tsakanin wannan ruwan sama da na gaba. Ƙasa mai rairayi da 'yar laka, idan zurfinta ya kai mita ɗaya, tana iya ajiye wa shuka ruwa kimanin milimita 100 ko fiye. Idan zurfin santimita 20 ne, ajiyar ta koma kamar milimita 20, idan kuma rabinta tsakuwa ce sai ta sake raguwa. Masara da ta kai bunni tana shan kusan milimita 5 a rana. Yi lissafin da kanka. A gonar kwari masara za ta jure kusan mako uku ba ruwa. A kan gangaren abokina kwana huɗu ya isa ta fara naɗe ganye. Duk wanda ya taɓa noma a Arewa ya san ruwa yakan ɗauke kwana goma a tsakiyar damina ba tare da an kira shi fari ba.

To, yaya marke da hano suke rayuwa a wurin? Saiwarsu tana kutsawa cikin tsagar duwatsu ta bi ruwan da ya ɓuya a can, suna zubar da ganye da rani su rage sha, kuma sun ɗauki shekaru masu yawa kafin su kai girman da muka gani. Masara ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan dabaru. Wata huɗu gare ta, saiwarta kuma ba ta fasa dutse.

Matsala ta biyu ita ce abinci. Ƙarfin irin wannan ƙasa yana cikin 'yan santimitocin sama, inda ruɓaɓɓen ganye ya haɗu da turɓaya ya yi duhu. A yanayinmu na zafi wannan ruɓi ba ya taruwa da yawa. Gara tana cinye ganyen, zafi yana saurin narkar da saura, gobarar daji tana ƙone abin da ya rage. Shi ya sa a ƙasashen dajin savana ruɓin da ke cikin ƙasa yakan gaza kashi 1 cikin 100. Lakar da ke cikinsu ma irin wadda ba ta riƙe sinadarin taki sosai ce. Idan ka zuba buhun taki a kan irin wannan gangare, kaso mai yawa zai bi ruwan farko ya gangara gonar maƙwabcinka na ƙasa, ko ya shige rafi.

Ta uku ita ce lokaci. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce yakan ɗauki har shekara 1,000 kafin a samu santimita 2 zuwa 3 na ƙasa. A ɗaya ɓangaren kuma, idan ruwa ya kankare milimita ɗaya tak daga saman hekta guda, wato kaurin da ya ɗan fi na katin cirar kuɗi, ya tafi da ƙasa tan 13 zuwa 15, kusan cikin tifa guda. Ido ba zai lura ba. Amma a wancan lissafi na FAO, wannan milimita ɗaya aikin shekara 30 zuwa 50 ne.

Abin da gangare yake yi wa ruwa

A fili shimfiɗaɗɗe ruwan sama yana samun lokacin nutsewa. A kan gangare gudu yake yi, kuma idan saurinsa ya ninka, ƙarfin da yake ɗauke da shi yana ninkawa sau huɗu. Tsawon gangaren ma yana ƙara masa yawa da ƙarfi. Wannan ne ya sa a lissafin zaizayar ƙasa da masana Wischmeier da Smith suka tsara a Amurka, wanda har yanzu ake amfani da shi a duniya, tsayi da tsawon gangare suna cikin manyan abubuwan da ake aunawa.

Daminarmu kuma tana ƙara dagula lamarin. Ruwan farko yakan zo da hadari mai ƙarfi a watan Mayu ko Yuni, daidai lokacin da ƙasa take tsirara bayan wata bakwai na rani da kiwo da gobara. Manyan ɗigon ruwa suna dukan ƙasar da ba ta da rufi, su farfasa ta, su toshe 'yan kofofin da ruwa ke bi ya nutse. Idan ta bushe sai ta yi ɓawo mai tauri. Ruwa na gaba ba zai shiga ba, sai ya kwarara. Haka ƙasa take komawa fako, inda ko ciyawa ba ta fitowa. Ganyen itace da ciyawa da busasshen ganyen da ke ƙasa su ne suke karɓar wannan duka a madadin ƙasar.

Yanzu a kawo katafila. Bakinta yana kankare saman ƙasar, wato daidai wurin da ƙarfin yake, ya tara shi tare da kututture a gefe. Nauyinta yana danne abin da ya rage har ruwa ya kasa shiga. Tumɓuke saiwa yana kwance ɗaurin da ke riƙe ƙasar a jikin dutse. A Najeriya aka tabbatar da wannan. Rattan Lal, masanin ƙasa da ya yi aiki a cibiyar IITA ta Ibadan daga 1970 zuwa 1987, wanda kuma ya samu Kyautar Abinci ta Duniya a 2020, ya gwada hanyoyin share daji daban-daban ya auna ƙasar da ruwa ya kwashe daga kowace. Sharewa da injin da ke ture itace ya yayimo saiwa, aka bi ta da huɗar tarakta, ita ta fi kowace ɓarna, nesa ba kusa ba, idan aka kwatanta da saran hannu. Kuma ƙasar da ya yi gwajin a kanta ta fi ta tsaunukanmu zurfi da laushin gangara.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Shekarar farko masara takan yi kyau, domin tana cin gadon da daji ya bari. A ta biyu 'yan ƙananan hanyoyin ruwa sun fara bayyana, musamman idan direban tarakta ya ja kunya daga sama zuwa ƙasa, wanda shi ne ya fi masa sauƙi ya kuma fi kare shi daga kifewa. A ta uku ko ta huɗu hanyoyin sun zama kwazazzabai, tsakuwa ta fito fili, mai gona ya ce wurin ba shi da albarka, ya nemi wani tsaunin.

Iyakar da wasu suka rubuta

Wannan duk tsohon ilimi ne. Tun 1961 ma'aikatar gona ta Amurka ta fitar da tsarin da ya kasa ƙasa aji takwas bisa abin da za ta iya ɗauka. Aji na ɗaya zuwa na huɗu ana iya nomawa, da ƙarin kulawa yayin da ake hawa. Daga na biyar zuwa sama ba na garma ba ne, na kiwo ne da daji, na takwas kuwa a bar shi kawai ya tsare ruwa da namun daji. Abin da ke jefa ƙasa cikin azuzuwan ƙarshe shi ne tsananin gangara, rashin zurfi, yawan duwatsu da ƙarancin ruwa. Filin abokina ya haɗa duka huɗun.

Wasu ƙasashe sun mayar da wannan ilimi doka mai lamba. Dokar kare ƙasa da ruwa ta Sin ta 1991 ta hana buɗe sabuwar gona a gangaren da ya wuce digiri 25, kuma daga 1999 gwamnati ta riƙa ba manoma hatsi da kuɗi domin su janye daga irin waɗannan wurare su bar su su koma daji da ciyawa. Kenya a 1965 ta hana noma a gangaren da ya wuce kashi 35 cikin 100, wato inda kake hawa taku 35 sama a kowane taku 100 da ka yi gaba, ta kuma wajabta matakan kariya daga kashi 12 zuwa 35. Ana iya jayayya a kan lambar, ana iya cewa ba kullum ake bin dokar ba. Amma akwai lambar da za a nuna wa mutum a ce ya tsallake.

Mu kuwa, ɗauko takardar mallakar gona ka karanta. Za ta faɗa maka faɗin filin, iyakokinsa, tsawon wa'adin, da cewa na noma ne. Zurfin ƙasar fa? Tsananin gangarar fa? Abokina ya biya mai safiyo, ya biya lauya, ya biya dillali. Babu wanda ya ce masa ya biya mai diga. Mutumin da ba zai ba da rancen naira miliyan ɗaya ba sai ya binciki asusun mai nema, ya zuba miliyoyi a ƙasar da bai taɓa leƙa cikinta ba.

"Ai mutanen Mandara suna noma a kan dutse"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da za a kawo mini, kuma gaskiya ce. A tsaunukan Mandara, waɗanda suka miƙe kimanin kilomita 200 a kan iyakar Najeriya da Kamaru, mutane sun shafe ɗaruruwan shekaru suna noman dawa da gero a gangaren da ko akuya sai ta yi hattara. Sukur, a Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, ita ce wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya, a 1999, kuma gonakinta masu hawa-hawa suna cikin dalilan. A gefen kudu na tsaunin Jos ma akwai mutanen Kofyar, waɗanda Robert Netting ya rubuta littafi a kan nomansu a 1968.

Amma a dubi yadda suka yi. Sun karya dogon gangare zuwa ɗaruruwan ƙananan matakala, kowace da katangar duwatsu da aka jera da hannu, ta yadda ruwa ba ya samun filin gudu. Kowace shekara kafin damina ana gyara inda ya zube. Mutanen Mafa na ɓangaren Kamaru suna ɗaure sa a ɗaki suna kawo masa ciyawa, su kwashe takinsa da na awaki da tokar murhu su kai gona a ka. Suna juya shuka, bana dawa baɗi gero da wake. Ba su share itatuwa ba, sun zaɓi masu amfani sun bari a kan matakalan, irin su gawo da magarya da maɗaci, suna sassabe su. Gonar iyali ƙarama ce, a kusa da gida, kuma kowane taku nata an san shi.

Ma'ana, sun amince da iyakar, suka biya farashinta da gumi. Kuma ba don sha'awa suka hau can ba. Tsaro ne ya riƙe su, domin har farkon ƙarni na 20 masu farautar bayi suna kai hari yankin, kamar yadda littafin ajiyar Hamman Yaji na Madagali, na 1912 zuwa 1927, ya nuna. Da zaman lafiya ya samu, hukumomi suka riƙa jawo mutane su sauko fili, matasa suka tafi birane, sai matakalan da aka bari suka fara rushewa, ƙasar da aka tara a bayansu ta bi ruwa. Rikicin Boko Haram, wanda ya kai ga kama Gwoza a 2014, ya ƙara raba wasu tsaunukan da masu gyara su. Darasin Mandara ke nan: gonar gangare tana rayuwa ne muddin akwai hannun da ke kula da ita kowace shekara. Wanda yake zaune a Kano ko Abuja, yana aika kuɗin tarakta ta waya, ba shi da hurumin kafa hujja da mutanen Sukur.

"To, sai mu dasa wasu itatuwan"

Hujja ta biyu ita ce wadda muka fi so, domin tana da hoto mai kyau. Kowace damina manya suna fitowa da babbar riga, a miƙa musu shebur, a dasa turare ko darbejiya, a tafa. Ana ƙirga abin da aka dasa. Abin da ya rayu bayan rani biyu, ba kasafai ake komawa a ƙirga ba.

A kan siririyar ƙasa dashen da aka reno a leda yana fuskantar matsalar da masara ta fuskanta. Saiwarsa gajera ce, randarsa ƙarama, ga rani na wata bakwai, ga awaki. Idan an riga an kankare ƙasar, ina za a dasa shi? Itacen da aka sare an yi hasarar shekara talatin ko hamsin. Ƙasar da ta tafi, an yi hasarar da jikokin jikoki ba za su ga madadinta ba.

Makwabtanmu na Nijar sun san tsadar gyara. A yankin Adar, cikin Jihar Tawa, inda tuddai masu duwatsu suka zama tsirara bayan farin shekarun 1970 da 1980, an fara aikin raya karkara na Keita a 1984 da kuɗin Italiya, da hannun FAO da Hukumar Abinci ta Duniya. Mutane, galibinsu mata domin maza sun tafi ci-rani, suka riƙa haƙa ramuka a jikin gangare da diga, suna jera duwatsu, domin kowane dashe ya samu ramin da zai tare masa ruwa da ƙasa. An samu nasara, tuddai da yawa sun sake yin kore, amma sai da aka shafe kusan shekara ashirin ana aiki da kuɗin waje mai yawa. Wannan shi ne kuɗin gyara abin da katafila take ɓatawa cikin mako biyu.

Hanya mafi araha ita ma daga Nijar ta fito. Tun 1983, a yankin Maraɗi, Tony Rinaudo da manoma suka lura cewa kututturan da ake ɗauka sun mutu suna da saiwa mai rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi toho biyu ko uku aka kare su, itace yana dawowa da sauri fiye da dashe, domin saiwarsa ta riga ta kai ga ruwa. Suka kira shi sassaben zamani, kuma masu bincike sun ƙiyasta ya dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. A gonakin fili aka yi wannan, amma hikimar ta fi ƙarfi a kan dutse, inda tsohuwar saiwa ta riga ta san tsagar da ruwa yake. A Tigray ta ƙasar Habasha ma ƙauyuka sun riƙa killace gangaren da ya lalace, su hana kiwo da sara, su yarda a yanki ciyawa a kai wa dabbobi gida, a kafa amya. Dajin yana dawowa da kansa. Sharaɗin duka biyun ɗaya ne: kada a tumɓuke saiwar. Katafila kuwa aikinta ke nan.

Laifi tudu ne

Idan ana maganar sare daji, yatsa yakan nufi talaka mai gatari da matar da ta ɗauko itace a ka. Laifi tudu ne, mun take namu muna hangen nasu. Buhunan gawayin da aka jera a bakin hanya, wa yake tsayawa da mota ya saya? A gidan wa ake hura shi idan gas ya yi tsada? Marke da ƙirya, waɗanda suka fi ba da gawayi mai kyau, suna cikin itatuwan da ke riƙe da ƙasar tudu. Madobiya kuwa, da aka yi ta yankawa a Taraba da wasu jihohi ana lodawa zuwa Sin, har yarjejeniyar CITES ta sanya ta cikin jerin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu daga farkon 2017, ba mai gatari ba ne ya yi hayar tirela da kwantena. Talaka yana sara ne gwargwadon ƙarfin hannunsa. Mai jari yana sara gwargwadon ƙarfin inji.

Ba na cewa mutanen ƙauye ba su da nasu kason. Ƙona daji a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta bushe ƙarau, yana barin ƙasa tsirara gab da ruwan farko. Yawan dabbobi a hanya ɗaya yana daddatse gangare. Amma mutumin da yake rayuwa da tsauni yana da dalilin tsayawa a wata iyaka, domin gobe ma zai dawo. Wanda ya sayi hekta 40 da nufin fitar da kuɗinsa cikin shekara uku ba shi da wannan dalili.

Kuma ɓarnar ba ta tsayawa a kan iyakar filinsa. Kogin Kano yana tasowa ne daga tuddan da ke gindin tsaunin Jos, ya ratsa yankin Dajin Falgore, ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974. Daga Tiga ake shayar da shinkafa da tumatir da alkamar Kadawa da Kura da Bunkure. Kowace tifar ƙasa da ta bar gangare a kudancin Kano, hanyarta ɗaya ce: ƙorama, kogi, madatsa. A can za ta kwanta ta cinye wurin ruwa. Tsaunin da ke da rufi yana shan ruwan sama ya sake shi a hankali, rijiyoyin gindinsa su kai rani. Wanda aka tsiraita yana tunkuɗo shi gaba ɗaya cikin sa'a guda, da yashi da tsakuwa, a kan fadamar mutanen da ba su ci ko kwabo daga cinikin ba. Jarin ritayar abokina, wani ɓangarensa daga aljihun manomin rani na Kura za a cire shi.

Abin da nake nema

Daga gwamnatocin jihohi, lamba. A zauna da masana ƙasa na jami'o'inmu a tsayar da iyakar gangarar da ba a yarda a kai mata inji ba, da wadda ba a yarda a noma ba sai da matakala, a rubuta su cikin sharuɗɗan ba da filin noma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana, kuma mai riƙon amana yana da ikon gindaya sharaɗi. Kayan aikin ma ba su da tsada. Bayanan tudu da kwari na Afirka da aka auna daga sararin samaniya suna nan kyauta a intanet, ɗalibin digiri na biyu zai iya fitar da taswirar gangaren jiha guda da su. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a Disambar 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, an kafa shi ne domin irin wannan aiki. Ya kamata mu riƙa tambayar kowane shiri irinsa hekta nawa na tsauni ya hana a share, kafin mu tambaye shi dashe nawa ya raba.

Daga bankuna da masu ba da rancen noma, tambaya guda a takardar neman rance: mene ne zurfin ƙasar, mene ne gangararta, wa ya auna?

Daga sarakuna da dagatai, waɗanda ta hannunsu yawancin waɗannan filaye suke fita, su tuna cewa tsaunin da suka sa hannu aka sayar shi ne rufin rijiyoyin talakawansu.

Daga mu masu saye, abu mafi sauƙi. Kafin ka biya, je da diga. Haƙa rami biyar, daga sama zuwa gindi. Wayar da ke hannunka tana iya auna gangara. Tambayi dattawan wurin me ya sa ba su taɓa noma shi ba, ka kuma saurari amsar. Idan ka riga ka saya, tsaunin yana da abin da zai ba ka ba tare da ka kashe shi ba: zuma, ciyawar da za a yanka a sayar wa masu kiwo, itacen da ake sassabewa bisa tsari, 'ya'yan itatuwa a gindinsa inda ƙasa ta taru ta yi zurfi. Ribar ba ta kai wadda ka lissafa a kwamfuta ba, amma ba za ta ƙare a shekara ta huɗu ba.

Abokina bai kai katafilar ba tukuna. Tsadar man dizal ce ta tsayar da shi, hujjata ba ta samu wannan daraja ba. Ya ce bana zai sake duba lissafin. Na roƙe shi abu ɗaya, ya koma wurin a watan Agusta, ya tsaya a gindin wani tsaunin da aka riga aka share a kusa da nasa, lokacin da ake tsuga ruwa, ya dubi launin abin da yake gangarowa.